Rage kashe kuɗi siyasa ce, ko talauci ne aka naɗa wa rawani?

Tambaya daga wata malamar firamare a Tudun Wada, Kaduna: Malam, tun da aka cire tallafin mai na daina shiga anko, na haƙura da sauya waya, biki ma sai wanda ya zama dole nake zuwa. Yayana yana cewa wannan da nake yi ita ce siyasa ta gaskiya, wai wanda ya rage buƙata ba a iya sayensa. Maigidana kuwa dariya yake yi, ya ce babu ce kawai ta sa, kuma wa'azin haƙuri da wadatar zuci shi ne abin da masu mulki suka fi son ji daga bakin malamai. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Amsa: Malama, ba zan raba miki gaskiyar gida biyu daidai wa daida don kawai a zauna lafiya ba. A kan halin da ake ciki yau, maigidanki ya fi kusa da ita. A kan yadda ake sayen mutane a siyasa kuwa, yayanki ya hango abin da da yawa ba sa gani, sai dai bai kai maganar ƙarshenta ba. Na daɗe ina koyar da tattalin arziki da sha'anin mulki, kuma na lura masu son maganar sauƙin rayuwa sukan tsallake ɓangaren maigidan naki, domin shi ne mai ɗaci. Da shi zan fara.

Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, jihar Kaduna ta sa nata 72,000, amma a lokacin buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashin gaba ɗayansa. Tun kafin duk wannan ma, a 2022, hukumar ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, talauci ya kama su ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli. Wanda ya koma cin abinci sau biyu a irin wannan hali, ko ya cire ɗansa daga makaranta, ko yake takawa daga Rigasa zuwa Bakin Dogo saboda kuɗin keke ya gagara, ba wani ra'ayi ya ɗauka ba, kuma ba wanda ya shawarce shi. Kiran halin da yake ciki da sunan zuhudu cin fuska ne.

A Turai da Amurka akwai masu fafutukar rage saye-saye, kuma suna da hujja a inda suke: gidajensu sun cika da kayan da ba a amfani da su, kuma ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa kashi goma cikin ɗari mafi arziki na mutanen duniya su ke da alhakin kusan rabin hayaƙin da ke ɗumama ta. Amma ƙasar da mutum sama da miliyan 200 ke rabon wutar lantarkin da da ƙyar take wuce megawat 5,000 ba cutar ƙoshi ke damunta ba. Yawancin mutanen garin nan ƙari suke buƙata: ƙarin nama a tukunya, ƙarin wuta, ƙarin ruwa, ƙarin magani. Duk wanda ya kwaso maganar can ya sauke ta a Badarawa yadda take, ya kawo maganin ciwon da ba shi ake yi ba.

Kuma abin da maigidanki ke zargi ba yau aka fara shi ba. A 1982, da farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu. A 1986 Babangida ya kawo shirin sauya fasalin tattalin arziki da ake kira SAP, aka karya darajar naira, aka ce a daure na ɗan lokaci. Duk sanda baitulmali ya shiga matsi, abin da ake fara nema shi ne sadaukarwa, kuma a wajen na ƙasa ake nemanta. A 2018 Sanata Shehu Sani, wanda ke wakiltar Kaduna ta Tsakiya a lokacin, ya fito ya faɗa cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata da sunan kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin, aka saya wa 'yan majalisar tarayya sababbin manyan motoci 'yan waje. A Agustan 2024, watan da matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da yake karɓa a wata ya kai miliyan 21. Ki raba wannan da 72,000, za ki samu albashin ma'aikaci sama da 290. Ko a nan jihar, kalmar rage kashe kuɗin gwamnati ta zo mana da fuska biyu a ƙarƙashin gwamna ɗaya. A 2015 Malam Nasiru El-Rufai ya rage ma'aikatu daga 19 zuwa 13, ya ce shi da mataimakinsa sun yafe rabin albashinsu. A 2021 kuma, da hujjar cewa albashi na cinye kason jihar, aka sallami dubban ma'aikata, har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da garin cak a watan Mayu. In kin ji an ce za a rage, ki tambaya na wa za a rage.

Game da malamai, addinin zan tare wa faɗa a nan, su malaman kowa ya amsa nasa. Ayar da ta ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna, da wadda ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, mai abin ɓarnatarwa suka fi yi wa magana, ba wanda tukunyarsa ta kwana biyu ba ta hau wuta ba. A farin da aka yi zamanin Sayyidina Umar, shekarar da ake kira ta toka, halifan ne ya rantse ba zai ɗanɗana man shanu ba sai jama'a sun farfaɗo, ya koma gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Daga sama aka fara. A tarihinmu kuma, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi ya yi musu kyautar zinariya, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar zinariyar, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu akwai a bar shi ya yi kira, a saki waɗanda ke ɗaure, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ki tsaya a kan wannan labari, domin rabin amsarki na ciki. Shehu bai ƙi zinariyar ya koma gida yana jin daɗin tsarkin hannunsa ba. Ƙin karɓar ya ba shi bakin magana a gaban sarki, shi kuma nan take ya yi amfani da bakin a kan fursuna da mai biyan haraji. Daga baya, ana tsaka da jihadi ma, ƙaninsa Abdullahi da ya ga son duniya ya shigi jama'ar, ana gasar dawakai da riguna da muƙamai, ransa ya ɓaci har ya bar su ya nufi gabas da niyyar Makka, mutanen Kano ne suka tsayar da shi. To in an yi miki wa'azin wadatar zuci, ki duba inda mai wa'azin ya juya fuskarsa. Idan kullum sahun baya yake kallo, alhali masu naira miliyan 21 suna zaune a sahun gaba, maigidanki bai yi masa ƙarya ba.

Yanzu ga abin da yayanki ya hango. Kowane mutum akwai abin da rayuwarsa ke ci duk wata. In abin da take ci ya fi abin da halal ɗinsa ke kawowa, wani ne zai cike giɓin, kuma wannan wanin ya zama ubangidansa ko ya so ko bai so ba. Ɗauki darakta a wata ma'aikata: yara huɗu a makarantar da ake biyan miliyoyi, gini a Malali ya kai linta, Umra duk azumi, ga 'ya za a aurar da kayan ɗaki na gani na faɗa. Albashinsa ba zai ɗauki rubu'in wannan ba. Ranar da aka kawo masa fayil ɗin kwangilar da ba a yi ba aka ce ya sa hannu, ba ranar ce ya yanke shawara ba. Ya riga ya yanke ta tun sanda ya ɗora wa kansa rayuwar da ba ta tafiya sai da irin wannan sa hannun. Haka ɗan jarida, haka alƙali, haka shugaban ƙungiya, haka malamin da ke jiran kujerar Hajji daga gidan gwamnati. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya sa aka kasa gamawa da jam'iyyar NEPU ke nan. Tun daga kafa ta a 1950 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an kai ta gidan yari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma yawancinsu teloli ne da 'yan koli da malaman zaure da manoma, mutanen da ba su da albashin En'e da za a tsayar, ba su da kwangilar da za a ƙwace. Malam Aminu Kano, wanda a Kwalejin Kaduna ya yi karatu, ya riƙe kwamishinan tarayya zamanin Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, gidan da duk wanda ya taɓa shiga ya san ba na mai tara abin duniya ba ne. Da ya ce wa talaka kada ya ji tsoro, talaka ya yarda, domin yana ganin tabarmar da mai maganar ke zaune a kai.

Sai dai yayanki yana magana kamar masu mulki ne kaɗai ke da kwaɗayi, mu kuma 'yan kallo. Wata Asabar da sassafe ki bi ta ƙofar gidan wani ɗan majalisa a Unguwar Rimi. Tun kafin rana ta yi zafi benci ya cika, wasu na tsugune a gindin katanga. Ga dattijo da katin asibiti a naɗe cikin leda, ya ninke shi har rubutun ya fara gogewa. Ga mace da goyo, riƙe da takardar kuɗin makaranta. Ga saurayi da katin ɗaurin aure, ga wani matarsa ta haihu babu ragon suna, ga 'yan gaban goshi suna kai da kawo da waya a kunne, su ke zaɓen wanda zai shiga. Can wajen sha ɗaya yaron gida ya fito da ambulan-ambulan, ana kiran suna a hankali, kowa ya karɓa ya soke a aljihu bai buɗe ba sai ya sha kwana. In mai gidan ya bayar, an ce mutumin kirki ne, ana cin arzikinsa. In ya ce shi aikinsa yin doka da bin diddigin kasafi, an ce marowaci ne, ya ci shi kaɗai, a haɗu a akwati. Ba wanda ke tambayar inda kuɗin ambulan ɗin ya fito. Kafin ya kai ga kujerar ma ya riga ya zuba jari: a 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fam ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na sanata 20, na ɗan majalisar wakilai 10, ban da kuɗin daliget, ban da taliya da atamfa da sabulun ranar zaɓe. Mutum mai sauƙin rayuwa, wanda bai tara ba kuma bai da niyyar tarawa, ta ina zai shiga wannan kasuwa?

Ban ga laifin dattijon mai katin asibiti ba. Da asibitin gwamnati na da magani da ba a gan shi a bencin nan ba. Kuɗin da ya kamata ya sayi maganin shi ne ya bi ta wata hanya ya dawo cikin ambulan, an rage shi, kuma yanzu sai ya yi godiya kafin ya karɓa. A nan ne, a ganina, maganar rage kashe kuɗi ta fi haɗuwa da siyasa, kuma nan ne ba a cika dubawa ba. Zauna ki lissafa abin da gidan ma'aikaci mai matsakaicin hali ke kashewa a Kaduna. Anko da waya ƙaramin abu ne a ciki. Manyan su ne kuɗin makarantar kuɗi saboda an yanke ƙauna da ta gwamnati, kuɗin mai ruwa ko haƙa burtsatse saboda famfo ya ƙafe, janareta ko sola saboda wuta, asibitin kuɗi, kuɗin 'yan sintiri, babur ko mota saboda babu bas ɗin da za a dogara da ita. Kowane gida ya zama ƙaramar hukuma mai ma'aikatar ruwa da ta wuta da ta tsaro. Yawancin abin da muke kashewa ba jin daɗi muke saye da shi ba, aikin gwamnati muke biya karo na biyu. Mutumin da famfonsa ke zuba, makarantar unguwarsu ke koyarwa, zai iya rayuwa da kaɗan cikin mutunci. Wanda ba shi da waɗannan, in ya rage, lafiyarsa da karatun 'ya'yansa yake ragewa. Ke da kike koyarwa a firamaren gwamnati, duk yaron da ya iya karatu a ajinki kin sauke wa ubansa nauyin da ya fi na anko goma.

Akwai kuma iyakar da halin mutum ɗaya ba ya wucewa, kuma a garin nan aka fi ganin ta. Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, a Oktoban 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP. An san shi da sauƙin rayuwa har ya rasu a 2020. Majalisar da ke zama a Lugard Hall kuwa jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a cikinta. Ya yi ta aika sunayen kwamishinoni suna ƙi, shi kuma ya ƙi cinikin raba kujeru da su. Haka ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya, ranar 23 ga Yunin 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. A lokacin ita kanta PRP ta dare gida biyu, ga 'yan santsi ga 'yan taɓo, kuma duk ɓangarorin akwai mutanen da ba su damu da dukiya ba. Rashin kwaɗayi ya ba shi ƙarfin cewa a'a, amma bai ba shi kujerun majalisa ba. Abin da manomi da makiyayi suka ji a jikinsu daga wannan mulki na ƙasa da shekara biyu shi ne soke haraji da jangali da shi da Abubakar Rimi na Kano suka yi. Wannan kuwa doka ce da aka sa wa hannu, ba irin rigar da gwamna ke sawa ba.

Mun sake ganin wannan kwanan nan. Marigayi Muhammadu Buhari ya ce a 2014 sai da ya ci bashin banki ya sayi fam ɗin takara na naira miliyan 27.5, kuma miliyoyin mutanen Arewa sun zaɓe shi ne saboda sun gamsu ba mai kwaɗayi ba ne. Shekara takwas bayan nan jam'iyyar da yake jagoranta ta sayar da wannan fam ɗin miliyan 100, kuma a shekarar aka gurfanar da akanta janar na gwamnatinsa bisa zargin da ya shafi naira biliyan 109. Shugaban da ba ya ci amma bai kafa abin da zai hana na kewaye da shi ci ba, talaka bai ga bambanci a kwanonsa ba. Ban ma kawo masu cin gasasshiyar masara a bakin titi gaban kyamara lokacin kamfe ba, waɗannan ko yara sun gane su.

Saura maganar da ta fi shafar sana'ata. In duk garin Kaduna aka wayi gari kowa ya ɗaure bakin jakarsa, wa zai fara ji? Tela, mai kitso, mai lalle, kafinta, mai girkin biki, mai hayar kujeru, mai keke. Abin da wani ya kashe shi ne cinikin wani, kuma tattalin arzikin da kowa ya daina saye a cikinsa durƙushewa yake yi. Don haka yawan abin da aka kashe bai kai inda kuɗin ya tafi muhimmanci ba. Naira dubu goma da aka ba telan unguwa tana zagaya gari: ta je wajen mai shinkafa, ta je wajen mai gawayi, ta je makarantar allo. Wadda aka zuba a leshi ɗan waje ko gwal ɗin Dubai ko sabuwar waya, yawancinta dala za ta koma ta fice, kuma neman dalar da muke yi gaba ɗayanmu yana cikin abin da ke karya nairar da ake biyan ki albashi da ita.

Kakuri, unguwar masaƙu a nan Kaduna, shaida ce. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara aiki, Arewa Textiles da UNTL da wasu suka biyo baya. Audugar Funtuwa da Zariya da Gusau ke shigowa, yadi ke fita, dubban ma'aikata ke cika titi a lokacin sauyin aiki. Adams Oshiomhole ma daga Arewa Textiles ya taso a harkar ƙwadago. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a nan, kuma da gwamnatin Murtala da Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, Peugeot 504 ce ta zama motar manyan jami'ai. Rage ƙawar shugabanni a Legas ya zama aikin yi a Kaduna. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta da tsadar baƙin mai da tsofaffin injina da yadin fasa-ƙwauri mai araha. Yau atamfar da ake rabawa ranar zaɓe, mai hoton ɗan takara, sau da yawa ba a ƙasar nan aka buga ta ba. Thomas Sankara na Burkina Faso, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ana yawan tuna shi da sayar da motocin Marsandi na gwamnati ya sa ministoci a ƙaramar Renault 5. Ni abin da ya fi burge ni shi ne tilasta wa ma'aikata sa tufafin da aka saƙa da audugar ƙasarsu, domin wannan ne ya kai kuɗi hannun manomi da masaƙa.

Tsohuwar Panteka tana nan kusa da ku. Can za ki ga an narkar da gwangwani da tsohon ƙarfen mota an zuba tukunya, an yanka durom an yi murhu, an tayar da injin niƙan da wani ya ce ya mutu, yara masu koyo suna tsugune suna miƙa guduma. Ba su taɓa kiran abin da suke yi da wani babban suna ba, amma gyara maimakon jefarwa, da saye a hannun wanda ya ƙera a gida, shi ne irin sauƙin rayuwar da ba ya kashe wa kowa kasuwa.

To ke ina kika tsaya a cikin wannan? Barin anko ke kaɗai zai rage miki bashi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma za a ce kin cika rowa ko girman kai, biki na gaba a yi ba ke. In malamai mata ashirin na makarantarku, ko matan Islamiyyarku, suka zauna suka yarda cewa daga yau biki a cikinku kowa ta sa abin da take da shi, to ya zama ƙa'ida, kuma wadda ba ta da hali ta huta ba tare da an gane ita ce ba ta da shi ba. Haka dangi biyu za su iya zama kafin a sa rana su yanke adadin akwatunan lefe da iyakar kayan ɗaki, maimakon uba ya sayar da gona don gadon da za a sauya bayan shekara uku. Abin da ke sa mutane kashe abin da ba su da shi tsoron bakin mutane ne, shi kuwa bakin mutane ba a rufe shi sai da mutane.

Kada ki rage abincin yara, kada ki rage magani, kada ki rage kuɗin karatu don a ce kina da wadatar zuci. Abin da kika tsira da shi daga anko ki sa a adashe ko ki ajiye, domin ma'aikaciyar da ke da abincin wata biyu a ɗaki ita ce ke iya jure yajin aiki, ita ce kuma ke iya cewa a'a in aka nemi ta cika rajistar ɗaliban da babu su. Ki riƙa zuwa taron ƙungiyarku ta malamai da na kwamitin kula da makaranta. Kasafin kuɗin jihar ana wallafa shi a intanet. Ku nemi mai iya karanta shi ya nuna muku abin da aka ware wa makarantu da asibitocin ƙaramar hukumarku, sannan ku je wa kansila da ɗan majalisarku da takarda a hannu, ku da yawa, kuna tambayar rufin aji da maganin asibiti, ba wanda ya zo karɓar ambulan a cikinku. Zai ruɗe a karon farko, domin bai saba ganin irin wannan baƙi ba.

Kayan ranar zaɓe kuwa, ba ni da bakin da zan hana matar da 'ya'yanta suka kwana da yunwa karɓar taliya, sai dai in tuna mata cewa ba wanda ke da ikon bin ta cikin rumfar dangwala ƙuri'a. Mai albashi irinki da irin yayanki ba ku da wannan uzuri. Ku kuma lura, rabon ba ya jiran ranar zaɓe, tun azumin da ke gabansa ake fara aiko da buhunan gero da sukari ta hannun shugabannin ƙungiyoyi da masu unguwa, kuma sunan wanda ya karɓa ana rubuta shi.